A Rubuta Aikin Masu Tsaro: Abin da Alƙaluman Wasan Besbol Suka Nuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani wasa da ba a saba ganinsa a filayenmu na Damagaram ba, wato besbol, wanda mutanen Amurka da Japan da Kuba da Benezuwela da Jamhuriyar Dominika suke ji da shi ƙwarai. Abin da ya sa na ɗauko shi kuwa, shafinku na wasanni yakan kawo mana sunan wanda ya ci ƙwallo da mintin da ya ci, amma wanda ya hana a ci ba ya samun ko layi ɗaya, sai fa ranar da ya yi kuskure. Masu besbol sun shafe fiye da shekara 100 suna fama da wannan matsala ta yadda za a ƙirga aikin mai tsaro, sun yi ta gyara ma'auninsu, kuma a tsawon wannan lokaci akwai ƴan wasan da aka tauye wa haƙƙi da waɗanda aka ba abin da ba nasu ba. Ina ganin akwai amfani mu san yadda abin ya gudana, tunda mu ma muna da masu tsaro a namu wasannin.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙungiya biyu ne ke karawa, kowace da mutum 9. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro, sannan su yi musanya. Mai jifa yana tsayawa a tazarar mita 18 da ɗoriya, ya wurgo wa mai bugu ƙwallo mai tauri wadda ba ta fi cikin tafin hannu ba, shi kuma ya maka mata gora ya ruga. Akwai zango uku da zai taka kafin ya komo gida, tsakanin kowane zango da na gabansa mita 27 da ƴan kai, kuma sai ya komo gida ake rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Aikin masu tsaro shi ne su fitar da shi kafin ya isa, ko dai su cafe ƙwallon a sama tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko su tsince ta su jefa wa mai tsaron zango kafin mai gudu ya taka wurin. In an fitar da mutum 3 sai a juya, wasa kuma turmi 9 ne. A babbar gasar Amurka da ake kira MLB akwai ƙungiya 30, kowace tana buga wasa 162 a kaka guda, kuma wannan yawan wasa ne ya sa alƙaluman kowane ɗan wasa suke taruwa har su zama abin da za a iya yin hukunci da shi.

Tun tsakiyar ƙarni na 19 wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Henry Chadwick, wanda ya fara da rubuta labarin wasan kurket, ya tsara ɗan jadawalin da jaridu ke bugawa bayan kowane wasa, mai ɗauke da sunan kowane ɗan wasa da abin da ya yi. A ɓangaren tsaro abu uku ake rubutawa har yau. Na farko fitarwa, wato wanda ƙwallo ta ƙare a hannunsa aka fitar da mai gudu. Na biyu taimako, wato wanda ya tsinci ƙwallo ya jefa wa ɗan'uwansa aka yi fitarwar. Na uku kuskure, wanda magatakardan wasa ke rubutawa in ya ga cewa mai tsaro ya saki ƙwallo ko ya yi mummunan jifa a wurin da ƙoƙari na yau da kullum ya isa a fitar da mutum. Sai a haɗa fitarwa da taimako, a raba da jimillar duka ukun, abin da ya fito shi ne makin tsaro. Wanda ƙwallo 1,000 ta zo hannunsa ya yi kuskure 20, makinsa 980 ne cikin 1,000. Lissafi ne mai sauƙi, yaron firamare ma zai iya, kuma sauƙin nan ne ya sa ya daɗe yana mulki a jaridu da ofisoshin ƙungiyoyi.

Amma akwai rami a cikinsa. Ba a rubuta wa mutum kuskure sai a kan ƙwallon da ya isa gare ta. Wanda ya yi jinkirin ɗaga ƙafa har ƙwallo ta wuce ta gefensa ba shi da laifi a takarda, ana rubuta wa mai bugu cewa ya yi bugu mai kyau, shi ke nan. Wanda kuma ya yi tsalle ya miƙa hannu ya taɓa ta, in jifan da ya yi cikin gaggawa ya kauce, shi ne zai kwashi kuskuren. Mai zuwa rijiya ai shi ke fasa tulu, wanda ke zaune a inuwa tulunsa lafiya lau. Bari in kawo misali na lissafi kawai. A ce mai tsaro na farko ya isa ga ƙwallo 500 a kaka, ya yi kuskure 10, makinsa 980. Na biyu ya isa ga 600, ya yi kuskure 24, makinsa 960. Duk wanda ya dubi makin zai ce na farko ya fi, alhali na biyu ya kammala aiki 576, na farko kuwa 490, ke nan akwai mutum 86 da na biyu ya fitar waɗanda da na farko ne a wurin da sun tsira. Wannan shi ne zaluncin da nake magana a kai, kuma lamba ce ke yin sa, abin da mutane suke ɗauka ba ya son kai.

Tarihin wasan ma ya nuna haka. Wanda ya fi kowa yawan kuskure a tarihin babbar gasar shi ne Herman Long, wanda ya yi wasa daga 1889 zuwa 1904, mafi yawa a birnin Boston, aka rubuta masa kuskure 1,096. Duk da haka mutanen zamaninsa suna lissafa shi cikin gwanayen tsaron da ba a cika samun irinsu ba, domin a lokacin safar hannu ƴar ƙarama ce, filaye kuma cike da gargada, shi kuwa ba ya barin ƙwallo ta wuce bai bi ta ba.

Wanda ya fito da wannan magana fili a zamaninmu shi ne Bill James, mutumin jihar Kansas, wanda yake gadin dare a wata masana'antar abincin gwangwani yana ta lissafe-lissafensa, har ya fara buga su da kuɗin aljihunsa a 1977. Shawararsa ita ce a daina tambayar sau nawa mutum ya yi kuskure, a tambayi aiki nawa yake kammalawa a kowane wasa, wato a haɗa fitarwa da taimako a raba da yawan wasannin da ya buga. Ma'aunin yana nuna faɗin filin da mutum yake iya rufewa. Shekaru da dama manyan ƙungiyoyi ba su saurare shi ba, sai a ƙarshen 2002 ƙungiyar Boston Red Sox ta ɗauke shi aiki a matsayin mai ba da shawara.

In ana son ganin bambancin ma'aunin biyu, babu kamar a jera mutum biyu da suka tsare wuri ɗaya, wato ratar da ke tsakanin zango na biyu da na uku, inda ƙwallayen ƙasa suka fi bi kuma inda ake sa wanda ya fi kowa zafin nama. Ozzie Smith ya fara da San Diego Padres a 1978, ya koma St. Louis Cardinals a 1982, ya yi ritaya a 1996. Derek Jeter kuma ya yi dukan rayuwarsa ta wasa a New York Yankees daga 1995 zuwa 2014. Makin tsaron Smith 978 ne cikin 1,000, na Jeter 976, wato in da wannan kaɗai za a duba sai a ce kunnen doki ne. To amma Smith ya tsare wurin a wasa 2,511 ya yi taimako 8,375, wanda har yanzu babu mai irin wannan matsayi da ya kai shi, yayin da Jeter ya tsare shi a wasa 2,674 ya yi taimako 6,605. Wanda ya fi yawan wasa da fiye da 160 ya gaza ɗan'uwansa da taimako 1,770. A kakar 1980 kaɗai Smith ya yi taimako 621. Adalci ya sa in ambata cewa zamanin ba ɗaya ba ne, domin a lokacin Jeter masu jifa sun fi fitar da masu bugu da kansu ba tare da gora ta taɓa ƙwallo ba, saboda haka ƙwallayen da ke isa ga masu tsaro sun ragu, filin St. Louis na wancan lokaci kuma shimfiɗar roba ce da ƙwallo ke gudu a kanta ba tangarɗa. Sai dai ko an cire wannan duka, tazarar ta fi ƙarfin uzuri, kuma ma'aunan da aka ƙirƙiro daga baya, waɗanda ke kwatanta mutum da abokan zamaninsa, sun sa Jeter can ƙasa a fannin tsaro. Ba na faɗin haka don rage masa daraja. Mutumin da ya yi bugu mai kyau sau 3,465 ya kuma ɗauki kofin World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran gasar, sau 5 ya wuce a raina shi. Abin da nake nunawa shi ne hannunsa tabbatacce ne a kan abin da ya isa gare shi, abin da bai isa gare shi ba kuma tsohon jadawali bai taɓa tambayarsa ba.

Shi kuwa Smith, bugunsa matsakaici ne, wato bugu mai kyau 262 cikin kowace tsayawa 1,000 da gora, kuma sau 28 kacal ya tsallakar da ƙwallo katanga, bugun da ke kai mutum gida kai tsaye, a kaka 19. Da safar hannunsa ya ci abinci. Ya karɓi kyautar Safar Zinariya, wadda ake ba gwanayen tsaro, sau 13 a jere daga 1980 zuwa 1992, a 1985 ƙungiyarsa ta ba shi kwantiragin sama da dalar Amurka miliyan 2 a shekara, kuɗin da a lokacin masu tsallakar da ƙwallo katanga aka saba ba irinsa, kuma a 2002 aka shigar da shi Zauren Gwarzaye da ke garin Cooperstown a shekarar farko da ya cancanci a zaɓe shi. Ya yi sa'a aikinsa mai ɗaukar ido ne, yana tsalle yana wuntsila gudidi, ko wanda bai iya lissafi ba ya ga gwaninta. Waɗanda nasu aikin ba ya ɗaukar ido su ne suka sha wuya.

Ita wannan kyauta ta Safar Zinariya, kamfanin Rawlings mai ɗinka safar wasan ne ya fara ba da ita a 1957, kuma shekaru masu yawa masu horar da ƙungiyoyi ne ke zaɓe da ƙuri'a. Sau da yawa sun dace. Brooks Robinson na Baltimore Orioles, mai tsaron zango na uku, ya karɓe ta sau 16 a jere daga 1960 zuwa 1975, Willie Mays da Roberto Clemente kowannensu sau 12, mai jifa Greg Maddux kuma sau 18, kuma alƙaluman zamani ba su ƙaryata waɗannan ba. Amma ido yana da nasa son kai, yakan bi suna. A 1999 an ba Rafael Palmeiro na Texas Rangers kyautar gwanin tsaron zango na farko alhali wasa 28 kawai ya tsare wurin a kakar, sauran wasannin bugu kaɗai yake yi ya koma ya zauna. Jeter ma ya karɓe ta sau 5. Irin wannan ne ya sa tun daga 2013 aka ware wa alƙaluma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hukuncin, aka bar wa masu ƙuri'a sauran.

Ma'aunan yau sun yi nisa. Tun farkon shekarun 2000 wasu kamfanoni suka sa ma'aikata suna kallon bidiyon kowane wasa, suna rubuta inda kowace ƙwallo ta faɗa da irin ƙarfinta, sannan a duba sau nawa sauran masu tsaron wannan wuri suke kama irinta. In ƙwallo ce da ake kamawa sau 3 cikin 10 mutum ya kama, sai a ƙara masa da yawa, in kuma wadda ake kamawa sau 9 cikin 10 ce ya bari ta wuce, sai a rage masa da yawa, ko ya taɓa ta ko bai taɓa ba. A 2015 aka girka na'urorin ɗaukar hoto da na auna gudu, tsarin da ake kira Statcast, a dukan filaye 30, suna auna inda mai tsaro yake tsaye lokacin da gora ta haɗu da ƙwallo, da nisan da zai yi, da daƙiƙun da yake da su. Duk da haka ban yarda a miƙa wa na'ura wuya gaba ɗaya ba. Ma'aunan nan sukan saɓa wa juna a kan mutum ɗaya a kaka ɗaya, kuma wurin da mai tsaro ya tsaya sau da yawa umarnin mai horarwa ne, har ta kai a 2023 hukumar gasar ta kafa doka cewa dole masu tsaron ciki biyu su tsaya a kowane gefe na zango na biyu, saboda yadda ƙungiyoyi suke tattara su gefe ɗaya. Ko kyamara tana buƙatar mai hankali ya fassara abin da ta gani.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa a lamba? Abin damuwar shi ne da ita ake yanke wa mutum rayuwarsa. A tsarin gasar, ɗan wasa yana samun damar kai ƙarar albashinsa gaban masu sasantawa bayan kimanin shekara 3, yana samun ƴancin zaɓar ƙungiyar da yake so bayan shekara 6, kwana 43 a cikin jerin ƴan wasan babbar gasa suna ba shi haƙƙin fansho, cikakken fansho kuma sai ya cika shekara 10. A kowane mataki takarda ake buɗewa. Shiga Zauren Gwarzaye ma sai mutum ya sami kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un marubuta wasanni. Bill Mazeroski na Pittsburgh Pirates, mai tsaron zango na biyu, ya shiga cikin fitar da mutum biyu a bugu ɗaya sau 1,706, abin da babu mai irin matsayinsa da ya kai, ya kuma karɓi Safar Zinariya sau 8, amma da yake bugunsa 260 ne cikin 1,000 marubuta ba su zaɓe shi ba. Ya yi ritaya a 1972, sai a 2001 wani kwamiti na dattawan wasan ya shigar da shi. Mark Belanger, wanda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Brooks Robinson a Baltimore kuma shi ma yake da Safar Zinariya 8, bugunsa 228 ne, kuma har ya bar duniya bai shiga ba.

Mu ƴan Afirka muna da namu a wannan labari. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya tashi ne a wani ɗaki da ke harabar wata ƙungiyar besbol a Randburg, inda mahaifiyarsa ke aiki. Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi a 2008, ya shafe shekaru a ƙananan gasanni ana yaba tsaronsa ana kukan bugunsa, har ranar 26 ga Afrilu 2017 ya zama baƙar fata haifaffen Afirka na farko da ya buga babbar gasar, kuma a tsayawarsa ta farko da gora ya yi bugu mai kyau. Wasa 41 ya samu gaba ɗaya, a Pittsburgh da Toronto, kafin a mayar da shi ƙasa. Tsaro ne ya kai shi can, rashin bugu ya dawo da shi. Ba na cewa an zalunce shi, domin ƙungiya tana buƙatar maki. Ina dai cewa yaron da ba shi da kowa, daga ƙasar da ba a san ta da wasan ba, ya taka wannan matsayi ne saboda akwai masu lura da aikin hannunsa suna rubutawa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Bill Buckner. Ya yi kaka 22 daga 1969 zuwa 1990, ya yi bugu mai kyau sau 2,715, ya zo na ɗaya a bugu a rukuninsa a 1980, kuma a 1985 ya yi taimako 184 daga zango na farko, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa kai wa, duk da ciwon idon sawu da ya daɗe yana fama da shi. Ranar 25 ga Oktoba 1986, a wasa na shida na World Series tsakanin ƙungiyarsa Boston Red Sox da New York Mets, wata ƙwallo mai gangarowa a hankali ta bi ta tsakanin ƙafafunsa a turmi na 10, wanda aka ƙara saboda an yi kunnen doki a turmi 9, Mets suka ci wasan. Mutane sun manta cewa Boston tana gaba da maki 5 da 3, saura mutum ɗaya a fitar a ɗauki kofi, masu jifa suka bari aka yi musu bugu uku a jere, sannan wani jifa ya kauce aka yi kunnen doki, duk kafin ƙwallo ta nufo Buckner. Sun manta kuma akwai wasa na bakwai, wanda shi ma Boston ta fara shiga gaba kafin ta sha kashi. Kuskure ɗaya ya rufe aikin shekara 22, mutumin ya sha zagi har ya kwashe iyalinsa ya koma jihar Idaho. Sai a 2008 aka gayyato shi Fenway, filin ƙungiyar Boston, ya yi jifan buɗe kaka, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa, ya rasu a 2019. Abin da ke wanke shi a yau cikakken jadawalin da aka adana ne, wanda duk mai so zai buɗe ya ga abin da ya gabaci wannan dare da abin da ya faru a cikinsa.

Nan ne maganar ta iso ƙofarku, ranka ya daɗe. Kafin Jackie Robinson ya shiga Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilu 1947, an hana baƙar fata buga babbar gasar, sai suka kafa nasu gasannin. Ba su da ofishin ƙididdiga mai ƙarfi kamar na fararen fata, amma jaridun baƙar fata irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender suna buga ɗan jadawalin nan bayan wasa. Bayan shekaru da dama masu bincike suka bi tsofaffin jaridun shafi bayan shafi suka tattara abin da ke ciki. A Disamba 2020 hukumar MLB ta amince cewa gasannin nan guda 7, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne, a Mayu 2024 kuma aka haɗa alƙaluman ƴan wasa sama da 2,300 cikin kundin tarihi. Da aka haɗa sai ga Josh Gibson, wanda ya rasu a Janairu 1947 yana da shekara 35 bai taɓa taka babbar gasar ba, ya zama na ɗaya a bugu da 372 cikin 1,000, ya wuce Ty Cobb mai 367. Wasannin da babu jaridar da ta rubuta jadawalinsu kuwa ba a iya sa su cikin lissafi ba, sun tafi ke nan. Editocin da suka ware ɗan gurbi a shafi don waɗannan lambobi ba su san wa zai nemi abin ba, amma da ba su yi ba da babu hujjar da za a kafa.

Mu dubi namu. Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar, ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, kuma maki ɗaya da ta samu a wasanni 6 ta same shi ne a canjaras babu ci da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a Port Elizabeth, ranar da Kassaly Daouda ke tsaron gida. Makin nan na masu tsaro ne daga farko har ƙarshe. Idan a matakin ƙasa ana tunawa da shi, a matakin jiha fa? Yaron da ke tsaron baya a wata ƙungiyar unguwa a Birni ko Zango ko Sabon Gari, ko wanda ya zo daga Mirriya ko Magariya ko Matamaye, in wata babbar ƙungiya ta Yamai ko ta waje ta tambayi abin da ya yi a kaka uku da suka wuce, babu takardar da zai nuna sai bakin masoyansa. Mai cin ƙwallo yana da lambarsa da kowa ya haddace. Mai tsaron gida kuwa ƙwallayen da suka shige shi kaɗai ake ƙirga masa, wanda shi ne daidai tsohon ma'aunin kuskure da masu besbol suka gano illarsa, domin golan da aka auna sau 15 ya tare 13 ya fi wanda aka auna sau 2 ya tare 1, ko da yake na farkon ne aka fi ci.

Roƙona gare ku shi ne ku ware ɗan gurbi a ƙarƙashin labarin kowane wasa da kuka kawo, ku jera sunayen dukan waɗanda suka buga da mintunan da kowa ya yi, sannan ga mai tsaron gida a rubuta sau nawa aka auna ragarsa da sau nawa ya tare, ga ƴan baya kuma sau nawa suka ƙwace ƙwallo, sau nawa suka tsinke ta a hanya, sau nawa aka wuce su. In za a rubuta kuskure, a rubuta shi tare da yawan ƙoƙarin da aka yi, kada a bar shi tsaye shi kaɗai. Wannan ba ya buƙatar kyamara ko kwamfuta. Chadwick da fensir ya yi nasa, kuma mutum biyu a bakin fili, ɗaya ga kowace ƙungiya, sun isa. Abin da yake wajibi shi ne a zauna tun farko a daidaita ma'anar kowane abu da za a ƙirga, a rubuta ta, don kada abin da magatakardan Zinder ya kira ƙwace na Maraɗi ya kira shi wani abu dabam, kuma kada a bar magoyin bayan ƙungiya ya rubuta wa ƙungiyarsa. Ɗaliban lissafi na Jami'ar André Salifou da na manyan makarantun sakandare za su iya wannan aiki, za su kuma ƙaru da shi, domin ƙididdigar da ake koya musu a allo za ta zama abin da suka tattara da hannunsu.

Ni da ɗalibaina a shirye muke mu fara da wasannin da ake bugawa a cikin garin Zinder, mu aiko muku da jadawalin kowane mako ba tare da neman lada ba, in har za ku ba shi wuri a shafi ku kuma adana kwafinsa a ma'ajiyarku. Muna jiran amsarku ta wannan fili.

Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku mai karatu,
Wani malamin lissafi,
Unguwar Birni, Zinder.